Lokacin Farautar Kurciya da Wuƙar Maharbi: Iyakoki Biyu da Bai Kamata a Ƙetare Ba

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Tsafe, ta ratsa Kwatarkwashi, ta shiga Gusau, sannan ta zarce Bungudu a cikin watan Nuwamba, zai tarar gero ya daɗe da shiga rumbu, ana yankan dawa, kurciyoyi kuma suna sauka a masussuka da gefen gonaki suna tsintar hatsin da ya zube. A daidai wannan lokaci ne yara kan ɗauko danƙon harbi, samari su ɗana tarko, maharba kuma su kai wuƙaƙensu maƙera a gyara masu baki. Haka abin yake tun kaka da kakanni. Sai dai a yau an wayi gari ana kashe tsuntsayen daji a kowane wata na shekara, ta kowace irin hanya, ba tare da la'akari da abin da gobe za ta haifar ba.

Ra'ayin da wannan maƙala take ɗauke da shi shi ne, farautar kurciya da sauran tsuntsayen daji a ƙasar Hausa ta ɗore ne saboda iyakoki guda biyu, wato lokaci da wuƙa. Lokaci yana hana a yi farauta kullum, wuƙa kuwa tana hana a kashe fiye da abin da hannu zai iya yankawa. Matuƙar aka rushe waɗannan iyakoki, to tsuntsu da sana'a da kalmomin da ke tattare da su za su tafi tare. Don haka dawo da su wajibi ne, kuma malamin Hausa yana da rawar da zai taka a cikin wannan aiki.

2.0 Tsuntsayen da Ake Magana a Kansu

Bahaushe bai haɗa dangin kurciya ya yi masu suna ɗaya ba. Akwai ita kurciya da aka saba gani a gida da daji, wadda nauyinta bai wuce kimanin giram 100 ba. Akwai hasbiya mai jan da'ira a ido da ɗigo-ɗigon fari a fukafukai, wadda ta ninka kurciya kusan sau uku a nauyi, take kuma son duwatsu da dogayen gine-gine. Akwai bardo, ɗan ƙarami mai doguwar wutsiya, sannan akwai wala. Baya ga waɗannan, maharbi yakan nemi zabon daji da fakara da kazar dutse.

Sanin yadda kurciya take hayayyafa shi ne mabuɗin fahimtar wannan batu. Ƙwai biyu kacal take yi a kowane zubi. Mace da namiji su ke karɓa-karɓar kwanci na kimanin mako biyu, kuma su biyun ne suke ciyar da 'ya'yan da wani farin ruwa mai kauri da suke fitarwa daga maƙogwaronsu, har su yi wajen mako biyu kafin su tashi. Ke nan, wanda ya harbe kurciyar da ke kan sheƙa, sau da yawa rai uku ya ɗauke. Har ila yau, da yake busasshen hatsi da ƙwayar ciyawa ne abincinta, kurciya ba ta iya nisa da ruwa, tilas ta je mashaya a kai a kai. Wannan buƙata ita ce babban rauninta a gaban ɗan'adam.

3.0 Iyaka ta Farko: Lokaci

A al'adar Hausawa, noma ne yake tsara shekara. Daga faɗuwar damina, wajen watan Yuni, har zuwa kaka a watan Oktoba, babu magidancin kirki da zai bar gonarsa ya shiga daji bin tsuntsu. Ciyawa ta yi tsawo, ruwa yana ko'ina, tsuntsaye sun warwatsu. Ta haka namun daji suke samun hutun kusan wata biyar ba tare da an rubuta wata doka ba. A cikin wannan hutu ne zabuwar daji take yin ƙwai ta ƙyanƙyashe. Sai an kawar da amfanin gona, hunturu ya kama, sannan ake buga gangar farauta, kuma ba a fita farautar gayya sai da sanin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa da izinin uban ƙasa.

Gaskiya ne wannan tsari bai ba kurciya cikakkiyar kariya ba, domin ita ba ta da wata guda na yin ƙwai. Takan yi sheƙa sau da yawa a shekara, har ma da bayan kaka lokacin da abinci ya yawaita. Saboda haka ne dattawa suke tsawata wa yaro idan ya taɓa sheƙa ko ya kwashe 'yan shila, kuma wannan tsawa ita ce take cike gurbin da tsarin lokaci ya bari.

Lokacin da ya fi kowane haɗari ga kurciya shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu. A wannan tsakani tafkuna sun ƙafe, gulbin Sakkwato da ya ratsa ta Gusau da Bungudu ya janye ya bar 'yan gurabun ruwa a cikin yashi. Tsuntsayen yanki guda sukan taru a 'yan mashaya kaɗan safe da yamma. Mutum ɗaya da raga ko guba zai iya yi wa irin wannan taro ɓarnar da maharba goma ba za su yi a wata guda ba. Daɗin daɗawa, a cikin waɗanda ke zuwa mashayar har da baƙi. Akwai wata kurciya da take hayayyafa a Turai, ta ƙetaro hamadar Sahara ta yi hunturu a yankin Sahel, daga Senigal da Mali zuwa Nijar da arewacin Nijeriya. A watannin Maris da Afrilu take tara kitsen da za ta koma da shi. Tun daga shekarar 1980 yawanta a Turai ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari.

4.0 Iyaka ta Biyu: Wuƙa

Wuƙar gyaran tsuntsu daban take da wuƙar mahauci. Ƙarama ce, ruwanta bai wuce tsawon tafin hannu ba, ga siranta, ga tsini, ga kaifi. Sana'o'i uku ne suke haɗuwa kafin ta shiga hannun maharbi. Maƙerin baƙi shi ne yake sa ƙarfe a wutar gawayi, musamman gawayin ƙirya saboda zafinsa, ana zuga masa zugazugi, ya kama shi da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba har ruwan wuƙa ya fito. A da daga tama ake narko ƙarfen. Bayan zuwan Turawa da isowar jirgin ƙasa Gusau da Ƙauran Namoda wajen shekarar 1929, sai tsofaffin ƙarafa suka wadata, maƙera suka koma amfani da su, musamman sifirin na mota wanda yake riƙe kaifi. Daga nan sai a sassaƙa ƙota, baduku kuma ya ɗinka kube.

Aikin wannan wuƙa na farko shi ne yanka, kuma a nan ne hikimar take. Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a babin yanka da farauta na littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun bambanta tsakanin abin da makami mai huda jiki ya kashe bayan an ambaci sunan Allah, da abin da duka ko shaƙewa ya kashe. Aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta haramta cin na biyun, sai fa wanda aka riska da rai aka yanka. Ma'ana, kurciyar da dutsen danƙo ya kayar, ko wadda ta faɗa asuta, wato tarkon gashin wutsiyar doki, ba ta halatta sai mai ita ya kai gare ta da sauran numfashi, ya yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu. Haka kuma hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus ya yi umurni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka.

Idan aka lura, wannan hukunci ya ɗora wa mafarauci nauyin bin kowace tsuntsuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yi sanɗa, ya yi harbi, ya sheƙa da gudu, ya zare wuƙa. Mai tarko kuma ba shi da damar ya ɗana ya tafi sai gobe, domin zai tarar da mushe. Masu iya magana sun ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan wahala ita ce take ƙayyade yawan abin da mutum zai kashe a yini.

Aikinta na biyu shi ne gyara. Bayan jini ya gama zuba sai a fige, a babbake sauran gashi, a datse ƙafafu da bakin fukafukai. Daga nan a tsaga ciki da tsinin wuƙa a hankali don kada hanji ya fashe ya ɓata nama. Wajen zabo da fakara sai an kula da maɗaciya, domin idan ta fashe naman ya yi ɗaci. Ita kurciya da danginta ba su da jakar maɗaciya. Sannan a tsaga ƙundu, a zubar da tsakuwar da ke ciki, a ɓare fatarsa. Idan da bindiga aka yi harbin, da tsinin wuƙa ake zaƙulo ƙwayoyin harsashi, musamman na dalma, waɗanda ke da illa ga lafiya, balle ta yara. A zafin bazara kuwa ana fitar da kayan ciki tun a daji don kada naman ya lalace. Babbar wuƙa ko dakusassa ba za ta yi wannan aiki ga tsuntsuwa mai giram 100 ba, sai dai ta dagargaza ta.

5.0 Yadda Ake Ƙetare Iyakokin

Babbar musibar da ta shigo ita ce guba. A sassa daban-daban na Afirka ta Yamma, har da arewacin Nijeriya, wasu kan cuɗa hatsi da maganin ƙwarin gona su watsa a bakin mashaya, kamar yadda wasu masunta suka daɗe suna zuba gamalin a ruwa. Akwai magunguna irin su Furadan da ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kashe ƙaramin tsuntsu. Mai yin haka bai buƙatar sanɗa, bai buƙatar gwaninta, bai buƙatar wuƙa. Abin da yake kwasowa mushe ne a shari'a, guba ne kuma a cikin wanda ya ci. Bugu da ƙari, guba ba ta zaɓe: ta kashe kurciya, ta kashe shaho da ungulun da suka ci gawarta, ta gurɓata ruwan da awaki da shanu za su sha.

Abu na biyu shi ne, farauta ta tashi daga neman abin sawa a miya ta koma neman na sayarwa, kuma kasuwa ba ta san damina ko bazara ba. Abu na uku shi ne saran itatuwa don itacen girki da gawayi, wanda yake raba tsuntsu da wurin sheƙa, ya kuma raba maƙeri da ƙirya.

Na huɗu shi ne matsalar tsaro da ta addabi Jihar Zamfara tun wajen shekarar 2011, wadda ta kai ga rufe kasuwannin mako da katse layukan waya a watan Satumba na 2021. Shiga manyan dazuzzuka irin su Kuyambana ya zama sayar da rai. Sakamakon haka farautar gayya mai shugaba da ƙa'ida ta ja baya, nauyin ya koma kan ƙananan tsuntsayen da ke kewayen gari, inda kowa ke cin gashin kansa. Haka nan mutumin da aka gani da wuƙa a kube ya zama abin zargi, alhali a da alama ce ta mai sana'a.

6.0 Amsa ga Masu Wani Ra'ayi

Wasu kan ce tsuntsun Allah ba ya ƙarewa. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. A Amurka an taɓa yin wata tantabarar daji da aka ƙiyasta yawanta da biliyan 3 zuwa 5, wadda garkenta kan rufe rana idan ya taso. Harbin kasuwa da saran daji suka gama da ita, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914. Ba sai an je nesa ba ma. Dutsen Kwatarkwashi da ke Ƙaramar Hukumar Bungudu ya yi suna a matsayin mazaunin mikiya, har garin ya shahara da bikin kamun maiki. A yau dutsen yana nan, amma ganin mikiya a kansa ya zama abu mai wuya, kuma tun a shekarar 2015 aka sanya irin wannan tsuntsu cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa a duniya.

Wasu kuma kan ce talaka ne yake cin kurciya, hana shi zalunci ne. Wannan magana tana da ƙarfi, domin a gidan da ba a iya sayen naman kasuwa, kurciya biyu a miya ba ƙaramin abu ba ne. To amma ƙayyadewa daban, hanawa daban. Idan tsuntsu ya ƙare, mai kuɗi zai sayi kaza, talakan ne zai rasa. Akwai kuma shaida cewa hutu yana aiki: a shekarar 2021 Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da harbin kurciyar nan mai ƙetaro hamada, cikin shekara biyu yawanta a yammacin Turai ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin ɗari. A jihohi da yawa na Amurka kuwa, sai ranar 1 ga Satumba ake buɗe farautar kurciya, kuma ba a yarda mutum ya wuce guda 15 a yini ba.

Akwai masu cewa tsuntsu maƙiyin manomi ne. Wanda yake cinye gero da dawa da shinkafa a tsaye shi ne janbaki. Kurciya galibi a ƙasa take kiwo, tana tsintar abin da ya zube da ƙwayar ciyawa. Bai dace a yi mata hukunci da laifin wani ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu ganin a haramta farauta baki ɗaya. Tun a shekarar 1963 Jihar Arewa ta yi dokar namun daji wadda ta tanadi lasisin farauta da jerin dabbobin da aka hana kashewa, sannan Gwamnatin Tarayya ta kafa doka mai lamba 11 ta 1985 kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Amma maharba nawa ne a ƙauyukan Tsafe suka taɓa jin labarinsu? Dokar da jama'a ba su ɗauke ta tasu ba a takarda take kwana.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, masarautun Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi, tare da shugabannin maharba da ma'aikatar da ke kula da gandun daji, su tsayar da lokaci sananne: a buɗe farautar tsuntsaye bayan kaka a watan Nuwamba, a rufe a ƙarshen Fabrairu. Na biyu, a hana guba kwata-kwata, a kuma hana kafa raga a bakin mashaya. Na uku, a farfaɗo da tsawar dattawa game da sheƙa da 'yan shila. Na huɗu, limamai su riƙa bayyana hukuncin mushe da na yanka a fili, domin wanda ya san abin da zai saya haram ne ba zai saya ba. Na biyar, a wayar da kan jama'a kada su tsinci tsuntsun da aka tarar matacce, ganin cewa murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a wata gonar kaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006, tana iya kama mutum.

8.0 Rawar da Malamin Hausa Zai Taka

Ɗalibin da ke shirin zama malami, ko a Kwalejin Ilimi ta Maru ko a Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gusau ko waninsu, zai tarar yaran da ke riƙe da danƙo su ne ke zaune a ajinsa. Yana iya sa su tattaro sunayen tsuntsaye da na tarkuna da na sassan wuƙa daga bakin iyaye da kakanni. A nan zai sami kayan koyar da karin harshe a sauƙaƙe, domin Bazamfare yakan ce yuƙa da halbi da mahalbi da hwarauta da ƙarhe, a inda daidaitacciyar Hausa take cewa wuƙa da harbi da maharbi da farauta da ƙarfe. Zai kuma sami misalin kalma mai ma'ana biyu, kamar kurciya da ke nufin tsuntsuwa, take kuma nufin sihirin da ake cewa yana raba mutum da garinsu.

Yana iya neman izinin hukumar makaranta ya kai ɗalibai maƙerar unguwa su ga yadda ake ƙira, su rubuta abin da suka gani a darasin insha'i. Ba a buƙatar yaro ya kawo wuƙa makaranta, zane da bayani sun wadatar. Haka kuma yana iya shirya muhawara a kan lokacin farauta, ko ya sa ɗalibai su ƙirga kurciyoyin da ke sauka a harabar makaranta sau ɗaya a mako, su kwatanta hunturu da bazara. Yaron da ya taɓa ƙirga tsuntsu da idonsa zai fi saurin gane ranar da suka fara raguwa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda tsarin noma ya ba tsuntsayen daji hutu, da yadda hukuncin yanka ya sa wuƙa ta zama ma'aunin abin da mafarauci zai ɗauka. An kuma ga yadda guba da kasuwa da saran daji da rashin tsaro suke rushe wannan tsari. Maganin bai wuce a tsayar da watannin farauta, a kore guba, a bar sheƙa, a kuma koya wa yara dalilin yin haka ba. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Mutanen Kwatarkwashi da suka manyanta suna iya ba da labarin mikiyar da suka sani a kan dutsensu. Alhakin sarakuna da maharba da malamai ne su tabbatar yaran Tsafe da Gusau da Bungudu ba su gaji kurciya a matsayin labari irin wannan ba.